Maƙwabta sun hana mu barci a Ketu, dan Allah me doka ta ba ɗan haya damar yi?

Ɗan_Gwari_Mile12:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema, musamman wajen waɗanda suka san dokar Legas, don abin nan ya kai ni maƙura wlh. A Ketu nake zaune, irin gidajen nan masu ɗakuna jere suna kallon juna, ciki da falo na kama ni da iyali da jaririnmu, kuɗin shekara nake biya kuma rasit ɗina duk suna nan a ajiye. Sana'ata kayan gwari a kasuwar Mile 12, kun san harkar, motocin tumatir da tattasai da daddare suke shigowa daga Arewa, dole kafin asuba mutum ya isa kasuwa in ba haka ba ya tarar an gama rabon kaya.

Toh matsalar biyu ce. Akwai wani saurayi da ke ɗakin da ke manne da nawa, da an ɗauke wuta sai ya kunna ɗan ƙaramin janaretansa mai ihun nan kuma a daidai ƙarƙashin tagata yake ajiye shi, hayaƙi na shigo mana, ga sifika ya ƙure kiɗa har wajen ƙarfe biyu na dare. Na same shi cikin mutunci na roƙe shi, sai ya ce sori, ya rage na wannan daren, gobe a koma gidan jiya. Na gaya wa kiyateka sai cewa ya yi nan Legas ce ba ƙauye ba, ashe ma abokin shan shayinsa ne. Shi kuwa lanlod ba a unguwar yake ba, lambar akawun ɗinsa kawai muka sani. Ta biyun kuma bayan katangarmu an buɗe gidan giya, daga Juma'a zuwa Lahadi mai kiɗa suke kawowa, sifikokin ma waje suke kallo, har kwanon rufin ɗaki kana jin yana rawa. Yaro ba ya barci, uwarsa ba ta barci, ni kuma a kan kwandon tumatir nake gyangyaɗi.

Shin zan iya kai su wajen 'yan sanda? Ko in riƙe kuɗin haya in lokaci ya yi har sai lanlod ya ɗau mataki? Kuma tsorona ɗaya kar in yi magana a ba ni notis, kun san yadda samun ɗaki ya zama a garin nan, ga kuɗin ejan ga na agirimen. Allah ya saka da alheri.

Baba_Zango_Agege:

Wa alaikumus salam. Ɗana sannu da haƙuri, Allah ya raya yaro. Ni ba lauya ba ne amma na daɗe a garin nan, tun ana shiga manyan motocin bas ɗin nan na molue da kwabbai, toh abin da zan ce maka kar ka fara da caji ofis. Duk maƙwabcin da ka kai wajen 'yan sanda, ko da kai ne da gaskiya, gaba ce ta shiga tsakaninku har ranar da ɗaya zai tashi, kuma banɗaki ɗaya kuke shiga, famfo ɗaya matarka take ɗiban ruwa kana kasuwa.

Kusan kowane layi a Legas akwai ƙungiyar masu gidaje da mazauna, wadda ake cewa CDA, su ne masu karɓar kuɗin gadi da na gyaran geti, ai kana biya. Ka nemi ciyaman ɗinsu. Kar ka je kai kaɗai, ka tafi da wani dattijo, in ma da hali ka samu wani ɗan haya Bayarabe ko Inyamuri da abin ke damunsa kamar yadda yake damunka, don in kai kaɗai ka je za a mayar da zancen wai aboki ne ba ya son kiɗa, nan da nan a sa ƙabilanci da addini a ciki. Kai da kake Mile 12 ba sai na tuna maka 2016 ba, daga ƙaramar hatsaniya aka tashi har aka yi asarar rayuka gwamnati ta rufe kasuwa. Akwai gidaje da yawa da suka yi doka a tsakaninsu cewa sha biyun dare kowa ya kashe janareta, ba kotu ba lauya, taron gida kawai aka yi. In abin ya fi ƙarfin ciyaman akwai Baale, wato mai unguwar Yarbawa, kuma shugabannin Hausawa na kasuwa suna da fahimta da su, za su iya haɗa ku.

Kwamanda_Ijora:

Baba kullum haƙuri haƙuri, shi ya sa aka raina mu. Malam ka je Alaba ka sayo sifika wadda ta fi tasa, ƙarfe huɗu in ka tashi ka saka wa'azi ka ƙure ka kulle ɗaki ka tafi kasuwa. Ko ka zuba wa jen ɗin gishiri a tanki shikenan an huta 😂

Barista_Hauwa:

Kwamanda dan Allah kar ka jefa bawan Allah a rami. Ranar da ya taɓa janaretan nan, shi da yake mai ƙara ya koma wanda ake tuhuma da ɓarnata dukiya, wannan kuma laifi ne da ake kama mutum a gurfanar da shi, ba kamar ƙarar kiɗa ba. Sifikar ramuwa ma haka, sauran 'yan hayan da ya kamata su zama shaidunsa su ne za su fara kai ƙararsa.

Malam sannu. Abu na farko ka raba matsalolin nan gida biyu don ƙofar da za ka ƙwanƙwasa ba ɗaya ba ce. Saurayin nan ɗan haya ne ɗan uwanka, lanlod ɗinku ɗaya. Gidan giya kuma kasuwanci ne a wani fili daban, lanlod ɗinka ba shi da iko da su ko yana so.

Bari in fara da saurayin. Dokar haya ta jihar Legas ta 2011 tana aiki a Ketu, wuraren da ta cire su ne Apapa, Ikeja GRA, Ikoyi da Victoria Island. Sashe na 6 ya ce ɗan haya yana da haƙƙin zama cikin kwanciyar hankali a inda ya kama, ya haɗa da sirrinsa da kuma kuɓuta daga takurar da ta wuce hankali. Mutane da yawa in sun ji wannan sai su ɗauka ai shikenan za su iya sa a kori maƙwabci, a'a. Kai ba ka da ikon korar ɗan haya ɗan uwanka, ba kai ka ba shi ɗaki ba. Mai wannan ikon lanlod ne, kuma dokar ta ba shi hujja, cikin dalilan da kotu ke karɓa ta mayar wa mai gida da ɗakinsa akwai idan halin ɗan haya ko na wanda ke zaune tare da shi ya zama fitinar da ba za a iya jurewa ba. Toh aikinka shi ne ka sa lanlod ya sani, a rubuce. Ba ta bakin kiyateka ba, tunda ka ga inda ya karkata. Ka duba rasit ɗinka, doka ta ce rasit ya ɗauki sunan lanlod da adireshi, ko takardar agirimen in kun sa hannu, sau da yawa ma za ka ga an rubuta a ciki cewa ɗan haya ba zai yi abin da zai dami sauran mazauna gida ba, kuma irin takardar da aka ba ka ita aka ba shi. Ka rubuta gajeriyar wasiƙa da Turanci, ba zagi ba barazana, ka faɗi abin da ke faruwa da lokutan da yake faruwa da abin da kake so a yi, wato a ɗauke janareta daga ƙarƙashin taga, a kashe kiɗa daga ƙarfe kaza. In sauran 'yan haya za su sa hannu ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Ka riƙe kwafi, ka kuma tura hotonta ta WhatsApp don ranar ta zauna.

Maganar riƙe kuɗin haya kuwa, kar ka kuskura. Na san yana zuwa wa kowa a rai amma a idon doka biyan haya wajibinka ne mai zaman kansa, ba ya faɗuwa don maƙwabci ya kunna kiɗa. Yanzu haka kai ne ɗan haya mai tsaftataccen tarihi, da ka ƙi biya ka miƙa wa lanlod hujjar fitar da kai da hannunka, shi kuma mai sifika in yana biyan nasa yana nan daram.

In wasiƙa ba ta yi aiki ba, inda nake tura mutane kafin kotu shi ne Citizens Mediation Centre, ana cewa CMC, ofishin sulhu ne a ƙarƙashin ma'aikatar shari'a ta jiha, tun 1999 yake, kyauta ne ba a biyan ko sisi kuma suna da rassa a ƙananan hukumomi da dama. Rigimar lanlod da ɗan haya ita ce mafi yawan abin da suke gani. Za ka je ka faɗi kokenka, su aika wa ɗaya ɓangaren takardar gayyata, a zauna da mai shiga tsakani, in an daidaita a rubuta yarjejeniya kowa ya sa hannu, kuma wannan takardar ana iya kai ta gaban majistare ya amince da ita ta zama tana da ƙarfin hukunci. Ka nemi a gayyaci saurayin da lanlod duka biyun. Ko kotu ka fara zuwa ma dokar hayar ta ba alƙali dama ya turo ku can ko Multi-Door Courthouse, wato sashen sulhu na kotu, a gwada sulhu, toh gara ka fara da kanka.

Gidan giya kuma maganar LASEPA ce, hukumar kare muhalli ta jihar Legas, ofishinsu na Alausa a Ikeja. Su ne ke da alhakin ƙarar da ta wuce kima a ƙarƙashin dokar muhalli ta 2017. Ma'aunin da suka sa wa unguwannin zama shi ne desibel 55 da rana, 45 da dare, don ka gane ƙanƙantarsa, hirar mutum biyu a ɗaki tana kai wajen 60. Kaga kenan mai kiɗa da sifika tana kallon waje ƙarfe ɗaya na dare ba ma kusa yake ba. Unguwar da ta cakuɗu da shaguna da kasuwanci ma'auninta ya ɗan fi haka sassauci, amma ba sassaucin da zai ɗauke wannan ba. Ana rubuta musu koke da cikakken adireshin wurin da ranaku da lokutan da ake kiɗan, su zo su auna, yawanci gargaɗi suke fara bayarwa ko su kira ɓangarorin, in an ƙi ji sai tara ko su garƙame wurin. Nan ma koken da ya fito daga CDA ko mutum goma ya fi na mutum ɗaya nauyi, a nan shawarar Baba ta haɗu da tawa.

Tun daga daren yau ka fara tara hujja. Ɗauki bidiyo daga cikin ɗakinka taga a rufe, yadda za a ga agogo a ji ƙarar, ka samu ɗan littafi kana rubuta rana da lokacin farawa da na dainawa. Akwai manhajojin auna ƙara a waya, ba su kai na'urar hukuma daidai ba amma suna nuna inda aka dosa. In kun kai yaro asibiti saboda tari ko rashin barci ka ajiye katin da takardar magani.

'Yan sanda kuwa, ƙarar kiɗa tsakanin maƙwabta asalinta rigima ce ta farar hula, kuma dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama mutum kawai saboda irin wannan. Inda suke shigowa shi ne in an yi maka barazana, ko an zo dukanka, ko mashaya sun fara faɗa a ƙofar gida, nan ka kira 112 ko 767.

Maman_Hanif:

Barista Allah ya ƙara basira. Yayana ni abin da ya tsaya min a rai ba kiɗan ba ne, hayaƙin nan ne da jariri a ɗaki. Kiɗa hana barci yake, hayaƙin janareta kashewa yake, kuma iskar da ke kisan ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci zai wuce, sau nawa muke ji a labarai an wayi gari an tarar da iyali gaba ɗaya. In Maman yaro tana tashi da ciwon kai ko jiri ko tashin zuciya kar ku ce gajiya ce. Wannan ba abin jiran wasiƙa ba ne, gobe goben nan a matsar da shi, ko da kai ne za ka sayi ƙarin waya ka ba shi ya kai jen ɗin can bayan gida inda iska ke kaɗawa. Na san za ka ce don me zan kashe kuɗina a kan laifin wani, toh ran ɗanka ya fi 'yan yadin waya.

Mu a Idi-Araba mun sha irin wannan da wata mata mai injin markaɗe, tun kafin kiran sallar farko take tayar da shi a tsakar gida jikin bangonmu. Maigidana ya kai maganar ofishin sulhun nan da Barista ta faɗa. Abin da ya ba ni mamaki matar da ko gaisuwarmu ba ta amsawa, da ta ga takarda mai tambarin gwamnati da sunanta a jiki sai ga ta ta sha gwaggwaro ta je da ƙanenta. Ba a yi mata tsawa ba, aka bar ta ta faɗi nata, ashe ita ma masu kai ƙosai da moimoi makaranta ne ke matsa mata su samu ƙullu da wuri. Aka tsaya a kan ta mayar da injin shagon gaban gida ta kuma daina tayarwa kafin shida. Ba mu zama ƙawaye ba amma muna barci. Shawarata ka tafi da wanda ke jin Turanci ko Yarbanci sosai in kai broka kawai kake yi, kuma ka tafi da abin da za ka iya karɓa a ranka, don in ka ce sai dai a kashe janareta gaba ɗaya ba wanda zai goyi bayanka, kowa ya san zafin Legas da halin wuta.

Abu_Sumayya:

Ni dai ina da ja a kan kai ƙara hukumar muhallin nan. Ku tuna fa ba gidajen giya kaɗai suke rufewa ba, a 2016 coci 70 da masallaci 20 suka rufe a tashi ɗaya saboda ƙara. Yau ka kai ƙarar gidan giya, gobe mai gidan giya ya tara mutanensa su kai ƙarar lasifikar masallacin layinku, wa gari ya waya? A yi tunani.

Baba_Zango_Agege:

Abu Sumayya maganarka gaskiya ce amma ba hujjar a zauna a cutu ba ce. In lasifikarmu tana kwana tana hana marar lafiya da jariri barci ai mu ya kamata mu fara ragewa tun kafin wani ya kai ƙara, addinin da ya ce ba cuta ba cutarwa bai ware mu ba. Kiran sallah minti nawa ne? Abin da ke jawo mana magana shi ne a saka kaset ɗin wa'azi a lasifikar waje tun tsakar dare. A masallacinmu mun daɗe da mayar da karatu da tafsiri sifikar ciki, ba wanda ya rasa lada.

Ɗan_Gwari_Mile12:

Na gode ƙwarai jama'a, Baba Allah ya ƙara girma, Maman Hanif wlh kin tsorata ni don kuwa tana yawan cewa kanta na sarawa da safe, yau zan sayi wayar in sha Allah. Barista saura abu biyu. Idan na rubuta wasiƙar lanlod ya ji haushi ya ce in tashi fa, tunda kiyateka zai iya zuga shi? Sannan in duk an yi wannan ba a daina ba, kotun da gaske tana sauraron irin wannan ƙara ko dariya za a yi min? In kuma na gaji na ce zan tashi da kaina, za a dawo min da ragowar kuɗina?

Barista_Hauwa:

Malam ba zan ɓoye maka ba, lanlod zai iya ba ka notis, doka ba ta tilasta masa ya ci gaba da ba ka haya har abada ba. Amma ba yadda ake tsorata mutane ba ne, wai ka kwashe kayanka nan da sati. In ba ku rubuta wani wa'adi daban a agirimen ba, mai biyan shekara-shekara notis ɗin wata 6 ne haƙƙinsa, mai biyan wata uku-uku ko shida-shida wata 3, mai biyan wata-wata kuma wata 1. In ya ƙare sai a sake ba ka takardar kwana 7 ta cewa mai gida zai tafi kotu, sannan a shiga kotu, kuma alƙali ne kaɗai zai ce a fitar da kai. Abin lura ɗaya, ka karanta takardarka da kyau, in an rubuta haya ce ta ƙayyadadden lokaci, daga rana kaza zuwa rana kaza, toh in ta ƙare ba sai an ba ka wata shidan ba, takardar kwana 7 ɗin ce kawai kafin kotu. Da yawa daga 'yan uwanmu suna sa hannu ba su karanta ba, wasu ma ba a ba su kwafi, ka nemi naka.

Kuma duk lanlod ko kiyatekan da ya cire maka rufi ko ƙofa, ko ya turo 'yan daba, ko ya yi maka barazana don ka fita, ya aikata laifi a ƙarƙashin sashe na 44, tara har naira 250,000 ko ɗaurin da zai kai wata 6. Wannan kam maganar 'yan sanda ce kai tsaye. A aikace dai lanlod da ke zaune nesa abin da ya dame shi alat ya shigo a kan lokaci kuma kar a kira shi kotu, da wuya ya kori mai biya don ya kare mai tayar da hankalin gida, musamman in ya ga hannun mutum huɗu biyar a wasiƙa. Shi ya sa na ce a sa ladabi a cikinta, ka rubuta kamar kana taya shi kare gidansa.

Kotu kuwa ba za a yi maka dariya ba, tsohuwar ƙofa ce a doka, duk wanda ke zaune a wuri bisa haƙƙi, mai gida ne ko ɗan haya, zai iya ƙarar maƙwabcin da ya hana shi jin daɗin wurinsa da ƙara ko wari ko hayaƙi. Akwai shari'ar da aka yanke a babbar kotun Legas a 1970 da kowane ɗalibin lauya ya karanta, wani a Surulere ya cika bayan gidansa da ɗaruruwan kajin kiwo, kukan su da asuba da warin kashinsu suka hana maƙwabcinsa sakat, kotu ta ba maƙwabcin diyya ta kuma ba da odar a daina. Kafin nan ma a 1967 an yi wata a kan mai mashayar bammi da ke ƙure kiɗa har dare, shi ma ya sha kaye. Abin da alƙali ke dubawa shi ne irin unguwar, don abin da za a jure a Oshodi ba shi za a jure a unguwar zama ba, sai lokacin da ake ƙarar, da tsawonta, da yawan maimaituwarta, da kuma ko mutum mai matsakaicin haƙuri zai damu. Bikin suna na kwana ɗaya ba ya zama abin kai ƙara kotu, amma kowane ƙarshen mako har asuba zance ne daban. In ma aka gano da gangan ake ƙurewa don a ƙuntata maka, wannan yana ƙara wa ƙararka ƙarfi, shi ne kuma dalilin da ya sa dabarar Kwamanda za ta juyo kanka.

Matsalar kotu lokaci da kuɗi, ana ɗage zama, kai kuma kowace safiya da ka rasa a kasuwa asara ce, mai yiwuwa hayarka ta ƙare ba a gama ba. A kan saurayi mai ɗaki ɗaya ni ban ga ribar zuwa kotu ba sam. A kan gidan giya in hukuma ta yi gargaɗi suka koma ruwa, toh nan ana iya haɗa kuɗi mutanen layi a ɗauki lauya ɗaya a nemi odar kotu. In ba halin lauya akwai Office of the Public Defender na gwamnatin jiha, an kafa shi don marasa ƙarfi, ka je ka ji ko za su karɓi irin taka.

Ragowar kuɗi kuma, in kai ka tashi da kanka kafin wa'adi, ba dole ba ne a kan lanlod ya mayar maka sai in agirimen ta faɗa ko ya yarda. Abin da aka fi yi shi ne a daidaita, in ya samu sabon ɗan haya ya ba ka na watannin da suka rage, toh in za ku yi haka a rubuta a sa hannu kafin ka miƙa makulli, kuma wannan ma CMC suna zaunar da mutane a kansa. Kuɗin ejan dai ka cire rai. Ka ɗauki hoton agirimen ɗin ka rufe sunaye da adireshi ka saka a nan in duba maka sashen wa'adi da na damun maƙwabta kafin ka rubuta wasiƙar.

Kwamanda_Ijora:

Toh Barista na janye gishirin. Amma in za a je wajen ciyaman a kira ni, ina da rana ranar Lahadi bayan la'asar.